Gimbiyoyin Disney da Tarbiyyar 'Yan Mata

A shekarar 1937 kamfanin Walt Disney na Amurka ya fitar da dogon fim ɗinsa na farko na katun, Snow White and the Seven Dwarfs, wanda aka ɗauko daga tatsuniyoyin da wasu 'yan'uwa Jamusawa biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara. Cinderella ta biyo baya a 1950, sai Sleeping Beauty a 1959. Duka ukun tafiyarsu ɗaya ce: kyan fuska, haƙuri da zaluncin wata muguwar mace, sannan ɗan sarki ya kawo ƙarshen wahala. Masu fafutukar 'yancin mata sun daɗe suna sukar wannan salo, suna cewa yana koya wa yarinya zaman jira.

Sauyin ya zo sannu a hankali. Belle, jarumar wani fim ɗin kamfanin na 1991, mai son karatu ce. Mulan ta 1998, wadda aka samo daga tsohon labarin Sin, ta yi shigar maza ta tafi yaƙi a madadin mahaifinta. Tiana, baƙar fata ta farko a jerin gimbiyoyin Disney, ta fito a 2009 da burin buɗe gidan abinci, kodayake ta shafe mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo. A Moana ta 2016 kuwa, ba a ma kawo maganar masoyi ba.