Gidajen rawa: ƙwaya, ƙarar kiɗa da aikin DJ

A manyan garuruwa irin su Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai wuraren da matasa ke taruwa da dare domin kiɗa da rawa. Haka ma a bukukuwan aure da na suna, sau da yawa ana ɗauko DJ, wato mai saka kiɗa da na'ura. Ko da ba ka zuwa irin waɗannan wurare, wataƙila ɗanka, ko ƙanenka, ko abokinka na fada yana zuwa. Don haka ya kamata ka san haɗarin da ke ciki da yadda ake kauce masa.

1. Ƙwayar da ta fi yaɗuwa

Taramadol, wanda aka fi sani da taramol, maganin ciwo mai tsanani ne. An fara sayar da shi a Jamus a 1977. Likita kan rubuta ƙwaya mai miligiram 50 ko 100, kuma ba a wuce 400 a rana ɗaya. Amma wanda ƴan fasa-ƙwauri ke shigowa da shi yakan kai miligiram 200 ko 225 a ƙwaya guda. Ka ga ke nan ƙwaya biyu masu 225 sun wuce iyaka. A watan Satumba na 2017, an kama ƙwayoyi fiye da miliyan 3 cikin mota ɗaya a Nijar.

Mai sha yana jin gajiya ta gushe, yana iya rawa har asuba. Amma jiki na sabawa, sai ya buƙaci ƙari. Yawansa na kawo farfaɗiya. In an haɗa shi da giya, ko maganin barci, ko ruwan maganin tari mai kodin, numfashi na raguwa har ya tsaya. Saboda ɓarnar kodin ne Najeriya ta hana yin irin wannan maganin tari da shigo da shi a 2018.

A Nijar, doka mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999 ta tanadi hukunci a kan fatauci da shan miyagun ƙwayoyi.

2. In wani ya faɗi

Alamomin wanda ƙwaya ta fi ƙarfinsa su ne: barcin da ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi a hankali ko da minshari, da tsukewar baƙin ido. In ka ga haka:

- Ka kwantar da shi a kan gefensa, don kada amai ya shaƙe shi.
- Kada ka ɗura masa ruwa, ko madara, ko kofi.
- In yana farfaɗiya, ka kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kada ka sa masa cokali ko yatsa a baki.
- Ka kira ƴan kashe gobara a lamba 18, ko ka kai shi asibiti nan take.
- Ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Ɓoyewa don kunya na iya jawo asarar rai.

3. Miyagun halaye

Yawancin faɗa a gidan rawa daga abu kaɗan yake farawa: an taka wani, an zubar da abin sha, an yi wa budurwar wani magana. Maye ne ke mai da ƙaramar magana ta zama babba. In rikici ya tashi, ka fita. Taɓa mace ba da yardarta ba cin zarafi ne, ko a wane wuri take. Ɗaukar hoton mutum a ɓoye da yaɗa shi ta waya na iya kashe aure ko zubar da mutuncin gida.

Akwai kuma masu jefa maganin barci cikin abin shan wani domin sata ko fyaɗe. Kada ka bar kofinka ka tafi, kada ka karɓi kwalbar da ba a gabanka aka buɗe ba. Wanda ya bugu kada ya tuƙa mota ko babur.

4. Aikin DJ

DJ ne ke riƙe da taro, saboda haka alhakin da ke kansa babba ne. Na farko shi ne ƙarfin sauti, wanda ake aunawa da desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kunnen babba na jure desibel 80 har awa 40 a mako, amma desibel 100 kimanin minti 20 kawai. A 2022 ta fitar da ƙa'ida: a wuraren kiɗa kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100, kuma a ware gefe mai shiru inda mutane za su huta. In kunnenka na ƙugi bayan ka fito, ƙarar ta yi yawa. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

DJ mai ladabi ba ya aiki cikin maye. Ba ya kirarin masu shaye-shaye, ba ya habaici ko zagi ta lasifika. A bikin unguwa yana kashe kiɗa lokacin kiran salla, yana rage sauti in dare ya yi, domin akwai maras lafiya, da jariri, da mai sammakon aiki. In wani ya faɗi ko faɗa ya ɓarke, yana tsai da kiɗa, ya sa a kunna fitilu, ya nuna wa jama'a ƙofa.

Kai ma akwai ladabin da ke kanka. In kana son waƙa, ka roƙa sau ɗaya cikin mutunci. Kada ka taɓa na'urarsa, kada ka ajiye abin sha kusa da wayoyin lantarki.

5. Gobara

A watan Janairu na 2022, wasan wuta ya kama rufin wani gidan rawa a Yawunde ta Kamaru, aƙalla mutum 16 suka mutu. A 2013, irin wannan gobara ta kashe mutum 242 a garin Santa Mariya na Burazil. Da shigarka kowane zaure mai cunkoso, ka fara duba ƙofofin fita. In ƙofa ɗaya ce, ko an kulle sauran, kada ka zauna.

6. Ga iyaye

In ka ga ɗanka yana ramewa, yana yawan barci da rana, yana saurin fushi, kuɗi na ɓacewa a gida, ka zauna da shi ku yi magana. Duka da kora ba sa raba mutum da ƙwaya. Wanda ya daɗe yana shan taramol, in ya daina rana ɗaya, yakan yi fama da zufa, ciwon jiki da rashin barci. Ka kai shi wurin likita domin a rage masa sannu a hankali.