Ciwon hanji: wanda ƙwaya ke warkarwa da wanda sai an yi aiki

"Ciwon ciki" suna ɗaya ne da ake kiran cututtuka masu yawa da shi. Wasunsu suna wucewa da ruwan gishiri da sukari ko ƙwayoyi na ƴan kwanaki, wasu kuwa babu abin da ke ceton rai sai tiyata cikin sa'o'i kaɗan. Likitocin tiyata a asibitocin Damagaram, Maraɗi, Galmi da Yamai sun saba karɓar marasa lafiya da aka kawo bayan sun yi kwanaki ana ba su jiƙo da ƙwayoyin talla a gida, hanjin ya riga ya lalace. Sanin bambancin waɗannan cututtuka shi ke sa a tafi asibiti kan lokaci.

Hanji da hotunan da ake ɗaukarsa

Hanji kashi biyu ne. Ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, shi ke tsotse amfanin abinci. Babban hanji, mai kusan mita ɗaya da rabi, yana tsotse ruwa ya tara bayan gida.

Hoto iri uku aka fi amfani da shi wajen duba su. Na farko shi ne hoton radiyo na ciki, wanda likitoci ke rubutawa ASP a takarda. Ana ɗaukarsa mutum yana tsaye don iskar da ke ciki ta hau sama. Iska tana fitowa baƙa, ƙashi kuma fari. Mace mai juna biyu ta sanar kafin a ɗauke ta. Na biyu shi ne ekogarafi, na'urar da ake shafa wa mai ciki. Tana aiki da sauti, ba ta cutar da yaro ko mai juna biyu, kuma tana nuna kaurin hanji da ruwa ko mugunyar da ta taru. Na uku shi ne sikana, wadda ta fi su nuna komai dalla-dalla, sai dai tana da tsada kuma a manyan asibitoci ake samunta.

Zawo da atuni

Zawo shi ne bayan gida mai ruwa sau 3 ko fiye a yini. Abin da ke kisa a cikinsa ƙarewar ruwan jiki ne, musamman ga yara: idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ragu. Maganinsa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wato SRO, da ci gaba da ba da nono da abinci. Ana haɗa wa yaro da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Idan babu ƙunshin, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Zawo mai kama da ruwan wankin shinkafa, mai zuba ba ƙaƙƙautawa, alamar kwalara ce, kuma tana iya ƙarar da babba cikin yini ɗaya.

Atuni kuwa bayan gida ne da jini da majina, tare da murɗar ciki da yawan yunƙuri. Ko dai ƙwayar bakteriya ce ta kawo shi, ko ƙwayar amiba, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Awon bayan gida ke taimakawa a rarrabe, ba hoto ba. Amiba ana kashe ta da metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl. Idan aka bar ta tana iya kaiwa hanta ta tara mugunya, wadda ke fitowa a ekogarafi kamar kogo mai duhu.

Tsutsar ciki

Doguwar tsutsar ciki mai kama da tana tana shiga ne ta hannu mai ƙasa da ganyen da ba a wanke ba, kuma tsawonta kan wuce santimita 30. Sau da yawa ba ta nuna wata alama sai rama da ƙugin ciki. Ƙwayar albendazole ko mebendazole tana kashe ta. Amma idan ta yi yawa a cikin yaro takan dunƙule ta toshe hanji. A ekogarafi ana ganinta kamar siririn bututu mai layi biyu, wani lokaci ma tana motsi.

Taifot da hujewar hanji

Taifot tana zuwa ta ruwa ko abincin da bayan gidan mai cutar ya gurɓata. Tana farawa da masassara mai hawa kullum, da ciwon kai da kasala, wani ya yi zawo, wani kuma bayan gida ya ƙi fita. Ana yawan ɗaukarta a matsayin masassarar cizon sauro, a yi ta shan maganin da ba nata ba. Awon Widal da aka saba yi bai isa shi kaɗai ya tabbatar da ita ba.

Haɗarinta yana zuwa ne galibi a mako na 2 ko na 3, lokacin da gyambo ya ci bangon ƙarshen ƙaramin hanji ya huda shi. Abin da ke cikin hanjin ya tsiyaye cikin ciki, zafi ya tsananta farat ɗaya, cikin ya taurare kamar katako, mara lafiya ba ya son ko a taɓa shi. Yara ƴan makaranta da matasa ta fi kamawa. A hoton radiyo ana ganin iskar da ta tsere daga hanji ta taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, baƙa, siririya kamar jinjirin wata. Rashin ganinta ba ya nufin hanjin bai huje ba.

Kafin hujewa, taifot tana warkewa da maganin da likita ya rubuta, irin su ceftriaxone ko azithromycine, idan an sha shi har ƙarshe. Bayan hujewa sai tiyata: a ɗinke hujin ko a yanke wurin, a wanke cikin. Wani lokaci ana fito da bakin hanji ta fatar ciki na ƴan makonni ko watanni kafin a mayar da shi.

Toshewar hanji

Alamominta huɗu ne: ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, amai, kumburin ciki, da tsayawar bayan gida da tusa. Amai kore ko mai warin bayan gida alama ce mai tsanani. A hoton radiyo hanjin yana fitowa a kumbure, iska a sama, ruwa a ƙasa, layinsu miƙe kamar ruwa a kwalbar da ba ta cika ba, jere kamar matakala.

Babban abin da ke kawo ta a ƙasashenmu shi ne ƙaba, wadda wasu ke kira gwaiwa: hanji ya leƙo ta matsematsi ko cibiya. Muddin kumburin yana komawa idan an kwanta, ana iya tsara ranar aiki a natse. Ranar da ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi, hanjin ya shaƙe ke nan, jini ba ya isa gare shi, kuma yana iya mutuwa cikin sa'o'i.

Na biyu shi ne murɗewar babban hanji, wadda ta fi samun maza manya masu fama da taurin bayan gida. Cikin yana kumbura ƙwarai kamar ganga. A hoto ana ganin hanjin ya naɗe gida biyu da layi a tsakiya, abin da likitoci ke kamantawa da ƙwayar kofi. Idan hanjin bai mutu ba ana iya warware shi da bututu ta dubura, amma yakan sake murɗewa in ba a yanke wurin ba.

Ga jarirai, musamman daga wata 3 zuwa shekara 2, wani sashen hanji kan shige cikin na gaba da shi. Jariri mai ƙoshin lafiya ya fasa kuka yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake. Daga baya ya yi bayan gida na jini da majina. Ana yawan ɗaukarsa atuni ne. Ekogarafi tana nuna shi kamar zobe cikin zobe. In an zo da wuri ana iya warware shi da iska ko ruwa ta dubura, in an makara sai aiki. Wanda aka taɓa yi wa aikin ciki ma hanjinsa na iya maƙalewa a tabon, ko da bayan shekaru.

Apandisit

Wani ɗan siririn reshe ne a farkon babban hanji ke kumbura. Zafin yana farawa wajen cibiya, bayan sa'o'i ya koma ƙasan ciki ta dama, tare da tashin zuciya, ƙin abinci da ƴar masassara. A ekogarafi reshen yana fitowa da kaurin da ya wuce milimita 6, kuma ba ya lotsawa idan an danna. Cire shi aiki ne da aka saba yi. Idan ya fashe, mugunya ta bazu cikin ciki, jinyar ta yi tsawo.

Jini a bayan gida

Ba kowane jini ne ɗan kanoma ba. Babban da ke ganin jini na makonni, yana ramewa, ko yanayin bayan gidansa ya sauya, yana bukatar a leƙa babban hanjinsa da bututu mai kyamara, domin kansar hanji ma haka take farawa.

Alamomin da ba a kwana da su

Ciki mai tauri, amai kore, tsayawar bayan gida da tusa, ƙabar da ta ƙi komawa, jini a bayan gidan jariri, da zafin ciki mai tsanani bayan kwanakin masassara, duk na tafiya asibiti ne nan take. Kada a ba mara lafiya abinci, ko jiƙo, ko maganin wankin ciki, kada kuma a matsa kumburin da ƙarfi. Tramol yana danne zafi cutar na ci gaba, diclofenac da ibuprofène kuma suna iya huda tumbi. Cibiyar CSI mafi kusa tana iya sa ƙarin ruwa ta tura mara lafiya inda ake tiyata, kuma tun 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a asibitocin gwamnati.