Zangon Damagaram: Matattarar Kaya a Ƙarni na 19

Abin da masana ciniki na yau suke kira cibiyar rarraba kaya, watau wurin da ake karɓar kaya masu yawa, a ajiye, a kasa, sa'an nan a tura kowane kashi inda ake bukatarsa, ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Unguwar Zango ta Zinder ta yi wannan aiki tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun.

Ayarin da ya taso daga Tarabulus yakan biyo ta Gadamas da Gat da Azbin, ya ratsa Damargu, ya sauka a Zango, bayan ganuwar Birni. A nan ne aikin fatoma yake farawa, watau mai masaukin fatake. Shi ke karɓar kaya, ya zuba a ɗakunan ajiya na gidansa, ya ciyar da baƙo, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in an sayar da bashi. Ƙunshin yadi da takarda da sukari da duwatsun wuya, wanda aka ɗaure daidai bayan raƙumi, a gidansa ake kwance shi. Wani kashi ya wuce Kano, saura a mayar da shi ƙananan kaya daidai jaki da takarkari, don kasuwannin ƙauye. Fatu da gashin jimina kuwa, a nan ake tara su kaɗan-kaɗan har su isa a ɗaure wa ayarin da zai koma arewa. Ko Bature Barth, a Zinder ya zauna daga ƙarshen 1852 zuwa Janairu 1853, yana jiran kuɗi da guzuri daga arewa.

Abin da ya fi wuya, a ganinmu, shi ne sanin halin kowace haja. Kantun gishirin Balma yana iya shekara a ɗaki ana jiran tsada. Goron Gwanja kuwa ba ya jira: sai an riƙa buɗe shi, ana tsince wanda ya ɓaci, ana sake masa ganye, a kuma fitar da shi da wuri. Fatoman da ya kasa bambanta su, shi da baƙonsa ne za su yi hasara.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kayan Turai suka koma biyowa ta teku da Ikko, hanyar hamada ta mutu. Zinder ta zama mai karɓa daga kudu. Daga baya gyaɗa ta cika ɗakunan ajiya, da fari a hannun kamfanonin Turawa, sa'an nan SONARA da aka kafa a 1962. A wannan zamani ne kalmar "mangaza" ta shigo daga Faransanci, "sito" kuma daga Ingilishi a Nijeriya. Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci za su tarar cewa fatoma da dillali da la'ada da madugu sun riga su zama a bakin jama'a.