Daidaiton da Ke Ƙarƙashin Dauɗar Tsohon Injin Sassaƙar Ƙarfe

Duk wanda ya kwance tsohon injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda ke juya guntun ƙarfe wuƙa tana feƙe shi har ya zama shaf ko bushi ko noti, dauɗa zai fara cin karo da ita: mai da ya daskare ya yi baƙi, ɓarɓashin ƙarfe a kowane lungu, fenti a kan fenti. Nan da nan zuciya za ta raya masa cewa aikin wanki ne kawai, a kankare, a goge, a sake fenti. A ganina wannan fahimta ta hallaka injuna masu yawa waɗanda tsatsa ta ƙyale. Darajar injin nan ba a nauyin ƙarfensa take ba. Tana kan wasu 'yan fuskoki da wani magini ya daidaita da hannunsa shekaru saba'in ko ɗari da suka wuce, kuma mai gyaran da bai san tarihin waɗannan fuskoki ba zai iya share su da rana ɗaya yana ganin alheri ya yi.

Kafin ƙarshen ƙarni na 18, mai sassaƙa da hannunsa yake riƙe wuƙa, ya jingina ta a kan madogari, don haka kyawun aiki ya dogara ga ƙarfin damtsensa da kaifin idonsa. Tiredin noti kuwa da magagari da kurfi ake fitar da shi, kowane noti da abokin zamansa, in ɗaya ya ɓace ɗayan ya tashi daga aiki. Mutane da dama sun yi ƙoƙarin raba wuƙa da hannun mutum. Jacques de Vaucanson ya ƙera inji na ƙarfe zalla a Faransa wajen 1751, Jesse Ramsden kuma ya yi na yanka tiredi a Landan a shekarun 1770. Amma Henry Maudslay, wanda ya goge a shagon maƙerin kwaɗo Joseph Bramah, shi ne wajen 1800 ya haɗa abubuwa uku wuri guda ta yadda masana'antu za su iya amfani da su: sirdi mai zamewa a kan gadon inji yana ɗauke da wuƙa, doguwar sanda mai tiredi da ke jan sirdin, da giyoyin da ake sauyawa don a sami tazarar tiredin da ake so. Daga shagonsa aka fitar da injunan da Marc Brunel ya tsara wa sojan ruwan Ingila a Portsmouth, waɗanda zuwa 1808 suke fitar da kurar igiyar jirgi kusan 130,000 a shekara, mutum goma suna aikin da a da sai mutum ɗari da goma.

Sai dai tunda an karɓe wuƙa daga hannu an ɗora ta a kan sirdi, duk wani karkata da ke jikin gado zai bayyana a jikin abin da aka sassaƙa. Ke nan tambaya ta koma: ta yaya ake samun fuskar ƙarfe shimfiɗaɗɗiya sak, alhali babu wata da ta riga ta da za a gwada da ita? Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Maudslay kafin ya kafa nasa shagon a Manchester, ya bayyana amsar a taron masana kimiyya a Glasgow a 1840. Faranti biyu za su iya haɗuwa tsaf alhali ɗaya ya lotsa ɗaya ya kumbura. Amma in aka ɗauki uku ana gwada su bi da bi, ba za su yarda da juna duka ba sai in kowanne ya miƙe. Ana shafa launi a ɗaya, a goga shi a ɗayan, inda launin ya kama nan ne tudu, sai a kankare shi da 'yar wuƙar hannu, a sake gwadawa, haka har tudun ya watsu ya zama ɗigo-ɗigo ko'ina. Shekara ɗaya bayan haka, a 1841, Whitworth ya gabatar da ma'aunin tiredi na bai ɗaya mai kusurwar digiri 55. A nan ne abin lura yake. Injin da ya ba duniya kayan gyara masu shiga gurbin juna, shi kansa gaɓoɓinsa ba sa shiga gurbin na wani. An kankare sirdinsa ne don gadonsa shi kaɗai, an daidaita kansa da wutsiyarsa a kan wannan gadon, shi ya sa masana'antu da yawa kan buga lamba ɗaya a manyan sassan don kada su gauraya da na wani injin.

Wanda ya gane wannan, kwancewarsa za ta bambanta. Zai sa alama a kowane murfin boris kafin ya ɗaga shi, ya ajiye siraran faifan da ke ƙarƙashinsa gefen da ya same su, domin su ne ke ƙayyade ratar da sandar juyi ke shawagi a cikin mai. Zai duba kowace ƙusa mai tsukewa ya gano bakin da ya fi siriri kafin ya ɗaga guduma, don in ya buga ta baibai matsewa za ta ƙara yi har zubin ya tsage. Ba zai kulle giyar baya don ya ɓalle kan da ke riƙe aiki ba, saboda haƙoran ƙarfen zubi ba sa lanƙwasa, karyewa suke yi, kuma tsofaffin injuna masu giɓin haƙori shaida ne a kan yawan masu wannan ganganci. Wajen wanki, kananzir da burushi da tsumma da haƙuri sun wadatar. Garanda da sanfefa ba su da hurumi a kan gado ko ƙarƙashin sirdi, domin waɗancan 'yan tabo masu kama da ɓawon kifi da ake gani a wurin ba lalacewa ba ce, sawun wuƙar magini ne, kuma a cikinsu mai yake kwanciya. Abin da ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa shi ne hanyoyin mai. Injunan South Bend, kamfanin da tagwaye John da Miles O'Brien suka kafa a jihar Indiyana ta Amurka a 1906, da lagwanin ulu suke shayar da boris ɗinsu. In lagwanin ya ƙeƙashe, mutum zai yi ta ɗura mai kullum ba tare da ɗigo ya kai inda ake bukata ba. Haka nan wanda ya cusa giris a ramin da aka yi don mai ya toshe hanya, ya kuma tanadar wa ɓarɓashi wurin maƙalewa, su haɗu su riƙa cin gadon a hankali.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Injunan Ingila sun shigo Nijeriya tare da reluwe, wanda ya iso Kano a 1911, aka kafa manyan ɗakunan gyara a Ebute Metta da Inugu da Zariya, daga baya makarantun koyon sana'a suka samu nasu. Har yau a wurare irin su Panteka ta Kaduna, tsofaffin injuna ne ke fitar da sassan da babu su a kanti, na injin niƙa da famfon ban-ruwa da babbar mota. Ƙurar hunturu kuwa ba ta raga wa fuskar da ke da maiƙo, don haka ƙyallen da ke share gado a gaban sirdi ya fi muhimmanci a nan fiye da ƙasar da aka ƙera injin. Akwai kuma tarin giyoyin canji da kan zo tare da inji, waɗanda sau da yawa ake ɗauka tarkace ne a sayar wa 'yan gwangwan. A cikinsu wani lokaci akan sami mai haƙori 127. Da yake inci ɗaya milimita 25.4 ne, wato 127 a raba da 5, wannan giya ce ke ba injin da aka gina a kan inci damar yanka tiredin milimita daidai. In ta tafi, rabin amfanin injin a kasuwar yau ya bi ta.

Za a ce duk wannan wahala ce a kan abin da zamani ya wuce, tunda injin da kwamfuta ke sarrafawa ya fi sauri, kuma yana maimaita abu dubu ba kuskure. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai kafa masana'antar fitar da kaya da yawa a kan tsohon inji irin Myford ML7 na 1946 ko Colchester. Amma aikin mai gyara ba dubu ba ne, ɗaya ne, kuma yau ake son sa. Inji mai kwamfuta in allonsa ya ƙone bayan kamfanin ya daina yin irinsa, sai a zuba masa ido. Tsohon inji kuwa an gina shi ne da sanin cewa za a kwance shi, kusan komai nasa da noti aka ɗaure, kuma yana iya sassaƙa wa kansa bushi da sanduna da dama.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: wanki ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye. Gado ya fi zaizayewa kusa da kai, inda ake yawan aiki, kuma in ya lotsa a nan, ko an wanke shi ya yi ƙyalli sandar da ya sassaƙa za ta fito gefe ɗaya ya fi kauri. Maganin wannan sai a sake wasa gadon a kan babban inji, a sake kankare sirdi ya zauna a kansa, aikin da kuɗinsa kan zarce na injin. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma shi ya sa nake ganin kuskure ne a fara sayen fenti kafin a yi awo. Amma awon kansa ba ya yiwuwa a kan dauɗa. Sau da yawa abin da ake zato zaizaya ce, ɓarɓashi ne ya shiga ƙarƙashin wutsiya ya ɗaga ta, ko sandar matsi ta saki, ko gadon ya murɗe saboda ƙasan shagon ba daidai take ba. Sai an wanke, an mayar da komai gurbinsa, an daidaita ƙafafun injin da ma'aunin ruwa, sannan a ɗaura sanda a yi mata yanka marar zurfi, a auna kaurinta a baki biyu. Bambancin da ya rage bayan wannan shi ne zaizayar gaskiya, kuma da shi mai injin zai yanke shawara ko ya kai gadon a wasa, ko ya ci gaba da aikin da bai bukaci daidaito mai tsanani ba.