Tarihin Farautar Barewa da Habalina a Hamadar Arizona

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu yi nisan kiwo, mu tsallaka teku zuwa kudu maso yammacin Amurka, wato jihar Arizona da ke iyaka da ƙasar Meziko. Dalili kuwa shi ne, da yawanmu a nan Sabo jikokin maharba ne ko 'yan kasuwar fata da kirgi, kuma duk wanda ya je gida da rani ya ji abin da tsofaffi ke faɗa: dajin da a da ake korar barewa daga gona, yau sai a wuni da karnuka ba a tayar da ko zomo ba. Mutanen Arizona sun taɓa kaiwa bakin wannan rami, kuma yadda suka ja da baya abin a sani ne, da daidansa da kuskurensa.

Kudancin jihar hamada ce da ake kira Sonora. Ba yashi ba ce zalla irin ta Agadas. Tsakuwa ce da ƙayoyi da duwatsu masu tsayi a warwatse, kuma da bazara zafi kan wuce digiri 45. Barewarsu iri biyu ce, ko da yake mun ce barewa ne don rashin wani suna da ya fi kusa. Tamu ƙahonta ɗaya ne har ta mutu. Tasu kuwa namijin ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, yana zubar da shi kowace shekara wani sabo ya fito. Akwai babba mai dogayen kunnuwa, wadda saboda kunnuwan suke ce mata barewa-alfadari. Akwai kuma ƙarama mai launin toka da farin ƙarƙashin wutsiya, mazauniyar duwatsu, wadda namijinta ba ya cika wuce kilo 50 ba. Ita wannan ta ci sunan wani likitan soja masanin tsuntsaye, Elliott Coues, da ya yi aiki a Arizona a 1864.

Sai habalina. Duk wanda ya gan ta zai ce gadu ne ƙarami: ga gashi mai kaushi, ga dogon hanci, ga wani farin zobe a wuya, nauyinta tsakanin kilo 16 da 27. Masana dabbobi sun ware mata dangi daban da na alade, don haƙoranta a miƙe suke, ba sa lanƙwasa kamar na gadu, yatsun ƙafarta ta baya uku ne, sannan tana da wani ƙullutu a gadon baya kusa da wutsiya mai fitar da wari. Da wannan wari 'yan garke ɗaya ke gane juna, domin idonta ba ya gani da nisa. Sunan ma abin sha'awa ne ga wanda ya yi karatun allo ya wuce: daga Sifananci ya fito, su kuma Sifaniyawa sun aro shi daga Larabcin Andalus, jabali, wato na dutse.

Kafin zuwan Turawa, masu ƙasar su ne ƙabilu irin su Apache da Tohono O'odham. Da baka da kibiya suke farauta, kuma maharbin Apache kan ɗora busasshen kan barewa a kansa, ya duƙa yana kwaikwayon tafiyarta har ya matso inda kibiya za ta kai. Wanda ya taɓa ganin maharbin ƙasarmu da kan burtu a goshi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Barewa ce abincinsu da suturarsu da takalminsu, har yau kuma ƙabilar Yaki na yin rawar barewa a bukukuwansu a birnin Tuson. Habalina kam da alama baƙuwa ce a yankin. Masu tonon kufai ba su cika samun ƙashinta a tsofaffin garuruwan Arizona ba, abin da ya sa ake ganin daga kudu ta yi ta gangarowa a 'yan ƙarnonin baya.

Amurka ta sayi kudancin Arizona daga Meziko a 1854. A ƙarshen shekarun 1870 aka gano azurfa a Tumbiston, jirgin ƙasa ya iso Tuson a 1880, yaƙin Apache ya ƙare da miƙa wuyan Geronimo a 1886. To, daga nan ne fa daji ya shiga uku. Ma'aikatan haƙar ma'adinai da sojoji na bukatar nama, sai aka sami mutanen da ba su da wata sana'a sai harbi da sayarwa, ba rani ba damina, ba ruwansu da mace mai ciki. Bindigar Winchester mai cin harsashi da yawa ta riga ta shigo hannu tun 1873. Aka kuma cika ƙasar da shanu fiye da abin da ciyawarta za ta ɗauka, har farin 1891 zuwa 1893 ya zo ya kashe su birjik, bayan sun riga sun cinye makiyayar. Ita kuwa habalina fatarta ce ta jawo mata. Fata ce mai laushi da ƙarko, ba ta da na biyu wajen ɗinka safar hannu ta masu kuɗi, saboda haka a Tekzas da arewacin Meziko aka yi ta kashe su garke-garke, a feɗe a yar da naman.

Abin mamaki, waɗanda suka fara ɗaga murya su ma maharba ne, amma masu hannu da shuni na gabashin ƙasar. A 1887 Theodore Roosevelt da abokinsa George Bird Grinnell suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, suna kiran a hana farautar kasuwa, a kuma riƙa bai wa dabba damar tsira. A 1900 aka yi dokar Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Kada mu yi musu ado da yawa: wannan gyara ya faɗa ne a kan talaka mai harbi don tukunya da kuma ƙabilun da aka riga aka ƙwace wa ƙasa, alhali mai farautar nishaɗi bai rasa komai ba.

Inda labarin ya fi daɗin ji, ya kuma fi ciwo, shi ne Kaibab. Wannan wani tudu ne mai dazuka a arewacin jihar, a gefen babban kwazazzabon nan na Grand Canyon, inda barewa-alfadari ke kiwo a sama da zafi, in sanyi ya shigo ta sauko busassun filayen ƙasa. Ƙabilar Payut sun daɗe suna farauta a wurin. A 1906 Roosevelt, lokacin yana shugaban ƙasa, ya mai da wurin gandun da aka hana harbin barewa, wadda aka ƙiyasta ba ta wuce dubu huɗu ba. Sai gwamnati ta ga hana mutane kaɗai bai isa ba, ta ɗauki ma'aikata su kashe duk abin da ke cin barewa. Aka kashe ɗaruruwan zakunan dutse, da dubban diloli irin nasu, kyarkeci kuwa aka ƙarar da shi ƙaf. Barewa ta yi ta haihuwa ba mai taɓa ta. Kafin 1924 wasu na cewa ta kai dubu ɗari, wasu na cewa dubu talatin. Ko ma nawa ne, ta cinye duk ganyen da bakinta ke iya kaiwa, kuma a sanyin shekarun da suka biyo baya dubbai suka mutu da yunwa.

Ana cikin haka wani mutumin Filagstaf mai suna George McCormick ya kawo shawarar da ta fi ƙarfin hankali. Wai zai tara mutane su kora dubban barewa su gangara cikin kwazazzabon, su haye kogin Kolorado, su hau ɗaya gefen inda akwai abinci. Gwamnan jihar ya amince a biya shi a kan kowace barewa. A watan Disamba na 1924 aka jera mutane a ƙasa da kan dawakai, cikinsu har da 'yan ƙabilar Nabaho riƙe da ƙararrawa, masu ɗaukar silima na biye. Ƙanƙara ta sauko, barewa ta yi ta ratsa tsakanin masu korar tana komawa baya, ko ɗaya ba a kai ba. Kowane yaron Fulani zai iya gaya musu cewa barewa ba saniya ba ce. Daga nan rigima ta koma tsakanin gwamnatin tarayya mai son a rage dabbobin da bindiga da gwamnatin jiha mai cewa namun dajin nata ne, har sai da Kotun Ƙoli ta ba tarayya gaskiya a 1928. An daɗe ana koyar da wannan labari a makarantu a matsayin sakamakon kashe masu cin nama. A 1970 wani masani, Graeme Caughley, ya nuna cewa lissafin farko ƙiyasi ne kawai, kuma rage tumaki da shanun da ke kiwo a tudun shi ma ya taimaka wa barewar ta yawaita. Mu dai abin da muka gani a ciki shi ne, an shekara kusan ashirin ana yanke hukunci a kan dabbar da babu wanda ya ƙirga ta.

A 1929 Arizona ta kafa hukumar kula da namun daji da kifi, kuma a shekarar ce aka sa habalina cikin dabbobin da doka ta kare: wata uku na farauta, guda ɗaya ga kowane mutum a shekara. Tekzas ta bi sahu a 1939. Amma doka ba kuɗi takarda ce. Kuɗin ya samu ne da dokar Pittman da Robertson ta 1937, wadda ta ce harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda yau yake kashi 11 cikin ɗari, a raba wa jihohi don aikin namun daji. Aka gindaya sharaɗi guda mai ƙarfi: duk jihar da ta karkatar da kuɗin lasin maharba zuwa wani aiki, ba ta da rabo. Wannan sharaɗin, a ganinmu, ya fi harajin kansa muhimmanci, kuma mai karatu ya san dalilin da ya sa muka faɗi haka. Da wannan kuɗi ake ƙirga dabbobi daga jirgin sama, ake biyan masu gadi, ake gina wuraren tara ruwan sama a hamada, aikin da aka soma a 1946. Yau mai son barewa da bindiga sai ya nemi izini ta hanyar ƙuri'a, a rubuta masa yanki da ranaku, ya kuma ɗaura takardar a jikin dabbar da zarar ta faɗi. Apache na San Karlos da na White Mountain su ke sayar da izinin farauta a ƙasarsu da kansu.

Kayan aiki su ma sun sauya. Bindigar Winchester ta 1894 ta daɗe tana tashe a hannun makiyaya. A 1925 kamfanin ya fito da harsashi mai lamba .270 wanda ke tafiya nesa a miƙe, kuma marubucin nan Jack O'Connor, haifaffen Nogales a bakin iyakar Meziko, ya shekara da shekaru yana yabonsa a mujallar Outdoor Life. Amma maharbin hamada na yanzu ya fi dogara da madubin hangen nesa da ake kafawa a kan ƙafafu uku. Tun asuba zai hau tudu ya zauna, ya yi ta duba gangaren da ke gabansa awa da awanni, don ƙaramar barewar nan in ta tsaya cik ba ka bambanta ta da dutse. Habalina kuwa da yake hancinta ne tsaronta, sai a bi ta ta inda iska ba za ta kai mata warin mutum ba, shi ya sa ake iya cim mata da baka a watan Janairu, ko da ƙaramar bindiga da bindigar ɗuri irin adakarmu a Fabrairu. Da na'urorin ɗaukar hoto da ake ɗaurewa a bakin ruwa suka yi yawa, hukumar jihar ta haramta farauta da su daga farkon 2022.

Saura batun kai da fata, wanda 'yan'uwanmu masu harkar kirgi za su fi kowa ganewa. A hamada zafi ne abokin gaba. Da dabba ta faɗi ake fitar da kayan ciki, a feɗe, a rataye naman a inuwa cikin jakar yadi mai shan iska don ƙuda. In ana son ajiye kan, ba a yanka maƙogwaro; ana tsaga fatar ne daga bayan kafaɗu a bi ta ƙeya, a zare ta a hankali a wajen ido da leɓe, a juya kunnuwa, a kankare kitse, sannan a zuba gishiri sosai. In aka yi sakaci na 'yan awoyi gashin zai fara zuba, shi ke nan an yi asara. Ƙullutun warin habalina kuwa ba a sa masa wuƙa, yana fita tare da fatar, amma hannun da ya taɓa shi kada ya taɓa nama. A da can cusa fata ake yi da ciyawa da tsumma, a shafa mata sabulu mai guba don ƙwari. Carl Akeley na gidan tarihi na Chikago shi ya inganta aikin, ya riƙa sassaƙa siffar jikin dabbar tukuna sannan ya lulluɓa jemammiyar fata a kai, kamar yadda ya nuna da barewarsa a 1902.

Ƙungiyar nan ta Roosevelt ta fitar da littafin manyan ƙahoni na farko a 1932, lokacin da wasu ke tsoron dabbobin za su ƙare a bar mutane da labari. A 1950 ta tsara awon da ake amfani da shi har yau: sai ƙaho ya yi kwana 60 yana bushewa kafin a auna tsawo da kauri da daidaiton ɓangarorin biyu da inci. Ƙaramar barewar da Ed Stockwell ya harba a duwatsun kudu da Tuson a 1953 ita ce har yanzu kan gaba a ajinta. Habalina, wadda aka yi ta kashewa don safar hannu, ba ta sami shiga littafin ba sai a ƙarshen 2024, da ƙungiyar ta amince a buɗe mata nata shafin. Da yake ba ta da ƙaho, tsawon ƙoƙon kanta da faɗinsa ake aunawa.