Daga Ruwan Toka Zuwa Ja: Gane Shekarun Tsohuwar Ferguson

Mai son sanin shekarun tsohuwar tarakta sai ya fara sanin zuriyarta. Ta Ferguson ta ɗauki babban mataki ne a 1938, lokacin da Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ailan, ya kai wa Henry Ford dabararsa a Amurka: a maƙala garma a bayan tarakta ta wuri uku, ƙarfin mai ya riƙa ɗaga ta yana sauke ta. Hannu kawai suka sha, ba a rubuta takarda ba. Ford 9N ta fito a 1939, 2N ta biyo a 1942, dukansu ruwan toka, giya uku gaba. Nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin lambar da aka buga a jikin injin 2N ita ma da 9N take farawa.

Da zumunci ya lalace, kamfanin Ford ya fitar da 8N mai jan ciki da giya huɗu a 1947, rigima ta kai kotu. Ferguson kuwa ya riga ya fara ƙera TE20 a birnin Kwabantiri na Ingila tun 1946, kuma kafin a daina a 1956 an yi fiye da rabin miliyan. Wannan 'yar ƙaramar ita ce ta fi daɗin bincike. A goge ƙaramin farantin da ke gindin sitiyari, haruffansa za su yi bayani. TE zalla, injin Continental ne na Amurka, wato na farko-farko. TEA mai shan fetur ce, daga 1947. TED ta 1949 da fetur ake tayar da ita, in inji ya yi zafi a juya ta kan mai dangin kananzir. TEF mai gas ta zo a 1951. Idan kuma TO aka gani, ƙirar Ditiroyit ce.

A 1953 Ferguson ya haɗe da Massey-Harris na Kanada. FE35 ta 1956 ruwan toka ce mai injin ruwan zinariya. Wajen ƙarshen 1957 aka koma jan nan da manoman Arewa suka sani. Amma ni ban yarda da fenti ba, tunda kowane mai shi yana iya shafa abin da ya ga dama. Gara a buɗe bonet a ƙirga silinda: mai gas mai huɗu ta kamfanin Standard ce, wadda ta yi suna wajen gardamar tashi da sanyin safiya, mai uku kuwa Perkins ce, daga ƙarshen 1959. Hanci ma shaida ne, na 35 a zagaye yake, na 135 da ta gaje ta a 1964 mai kusurwa ne.

Ko injin yakan yi ƙarya, don bakanike na iya cire na asali ya dasa wani. Shi ya sa masu abin suke kankare dattin akwatin giya da gatarin baya, su nemi kwanan watan da aka zuba ƙarfen, su gwada shi da lambar faranti.