Auyokawa da Zaman Fadamar Haɗejiya

Idan ana maganar tarihin ƙasar Haɗejiya, yawanci akan fara ne daga zamanin jihadi, a manta da waɗanda suka riga kowa zama a bakin kogin. Daga cikinsu akwai Auyokawa, mutanen Auyo, waɗanda wannan ɗan taƙaitaccen bayani zai duba.

Tarihin baka ya nuna cewa waɗanda suka kafa Auyo da Shira da Tashena 'yan'uwa ne da suka taso daga gabas. Masana harsuna kuwa sun sanya Auyokanci cikin dangin Badanci da Ngizimanci, watau reshe ne na harsunan Cadi, inda Hausa ma ta fito. Kafin jihadi, Auyo da Haɗejiya da Garun Gabas da maƙwabtansu ƙananan masarautu ne da ke bin Barno ta hannun Galadima na Nguru. A farkon ƙarni na 19 Fulani, bisa jagorancin Umaru da ƙanensa Sambo, suka haɗe su ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu.

Rayuwar mutanen wannan yanki kogi ne ya tsara ta. In ruwa ya malalo da damina, sai a noma shinkafa. In ya fara janyewa, masunta su shiga da gora da koma, manoma su bi danshi su shuka wake, su ɗora jigo don ban ruwa. Da rani kuma makiyaya su sauko da shanu. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa. Haka Ilcamus na bakin Tafkin Baringo a Kenya suka haɗa kiwo da su da noman rani.

Amma abubuwa sun sauya. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da fadama ta dogara a kanta, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Wurin da ya ishi kowa a da, sai ya zama abin gardama tsakanin manomi da makiyayi.

Shi kuwa Auyokanci, Hausa ta riga ta haɗiye shi, babu sauran mai magana da shi. Abin da ya rage shi ne sunayen garuruwa da na fadamu, da labaran da ke bakin dattawa. Ya kamata ɗalibanmu 'yan wannan yanki su yi amfani da hutu su tattara su a rubuce, tun masu su suna raye.